Akun da Gwaggo Ta Zaɓa

Gwaggo ta rasu ranar Laraba da hantsi. Bayan azahar aka kai ta makwancinta, kafin la'asar har an kafa rumfuna a Maitama. A Ushafa ta yi shekarunta goma sha tara na ƙarshe, a gidan da ta gina da kuɗin sallamarta daga aiki, amma babban ɗanta, wanda nake ce wa Yaya, ya ce ba a can za a zauna makoki ba. Hanyar ba ta da kyau, in ji shi, kuma babu inda manyan baƙi za su ajiye motoci. Haka aka karɓi gaisuwarta a gidan da ba ta taɓa yarda ta kwana biyu a jere a cikinsa ba.

Ni 'yar ƙaninta ce. A hannunta na yi sakandare, ita ta raka ni ranar da na fara aiki, don haka aka ba ni kujera a falon mata, kusa da matar Yaya. Kwana uku ina zaune ina sauraro. Mata suna shigowa da turarensu da manyan tabarau, kowace ta ɗora jaka a cinya, ta sauke murya ta ce, “Allah sarki, baiwar Allah mai haƙuri.” Wata ta ce ita ba ta taɓa jin Hajiya ta ɗaga murya ba. Gaskiya ta faɗa, don ba ta taɓa ganinta ba. Wani abokin aikin Yaya ya yi doguwar addu'a a tsakar gida, da aka shafa sai na ji ta taga yana tambayar direbansa a hankali, mahaifiyar oga ce ta rasu ko surukarsa. Masu abinci suna ta shiga da fita da farar safar hannu. Mai ɗaukar hoto ya san wadda zai tsaya a kanta da wadda zai wuce, kuma duk sanda matar wani babba ta shigo, hawayen matar Yaya sukan zo a kan lokaci.

Duk wannan na shanye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya a rana ta uku ya zo. Wata mai zoben zinariya a kowane yatsa ta dafa gwiwar matar Yaya ta ce, “Na ji har aku ya saya mata don ya ɗebe mata kewa. Irin mai maganar nan ko? Allah ya ba mu 'ya'ya irinsa.”

Matar Yaya ta gyaɗa kai tana share ido. “Wallahi ya yi ƙoƙari. Sai da muka yi sati biyu muna bincike kafin mu zaɓa mata.”

Gidan mutuwa ne, ba wurin musu ba. Amma ina nan ranar da aka yi zaɓen, kuma tunda na ga an fara gyara labarin tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, gara in rubuta shi yadda ya faru.

Gwaggo ba mai haƙuri ba ce, da ta ji an kira ta haka da ta nemi a janye. Mai buga tafireta ce. Shekara talatin da biyar ta yi a ma'aikatar tarayya, daga Legas aka kwaso su tare da fayil-fayil lokacin da gwamnati ta dawo Abuja. Daraktoci da yawa sun wuce ta gaban teburinta, babu ko ɗaya da take ambatarsa da girmamawa. “Masu sa hannu” take kiransu. Takan ce mutum ya kawo mata takarda da Turancin da ɗan aji uku zai ji kunyarsa, ta gyara, ta buga, ya sa hannu, a yaba masa a taro. In ka kira ta a waya, bayan sallama ba ta jiran ka gama tambayar gajiya da iyali. “Faɗi abin da ya sa ka kira,” take cewa. Tana da wani kallo ta saman tabarau wanda in ta yi maka shi sai ka duba rigarka ko miya ta zuba. Amma ita ce, shekarar da mahaifina ya rasa aikinsa, ta zo har gidanmu ta ce a haɗa mini kayana. Ba ta yi shawara da kowa ba, ba ta kuma taɓa goranta mana ba har ta koma ga Allah.

Shekara uku kafin rasuwarta ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Maƙwabciyarta ce ta tsince ta a bakin famfo, wata dattijuwa 'yar Gbagyi mai ginin tukwane, Kirista, wadda katanga ɗaya ta raba su. Bayan wata biyu ƙafar ta dawo da taimakon sanda, amma harshen ya yi nauyi, kalmomi suna fita a tattaune. Ga macen da duk ƙarfinta a bakinta yake, wannan ya fi ciwon ƙafar ciwo. Ta daina ɗaga waya. Likita ya tara mu ya ce magani ya yi iyakar nasa, abin da ya rage shi ne ta samu wanda za ta riƙa magana da shi kullum, ko tana so ko ba ta so.

Yaya ya ce ta dawo Maitama, akwai ɗaki a baya. Ta tambaye shi, ɗakin da ke jikin janareto? Ya ce za a gyara. Ta ce a gyara wa wani. Autarta tana Ingila, ta yi kuka a waya ta ce da ta samu hutu za ta zo. Nan maganar ta tsaya, har ranar da matar Yaya ta ga bidiyon wata tsohuwar Baturiya tana hira da aku.

Sati biyun binciken da ta faɗa gaskiya ne, ina cikin guruf ɗin iyali na waya inda aka yi shi. Auta tana turo hotunan wani ƙaton aku shuɗi da rawaya na ƙasashen waje, ta ce shi ake yayi. Matar Yaya ta nace a kan wani fari mai tukku. Yaya ya ce ai likita magana ya ce, saboda haka mai ruwan toka da jar wutsiya za a saya, shi ne gwanin surutu. Aka yi ta muhawara, a turo bidiyo a mayar da bidiyo, har da ɗan fushi. Lokacin da aka ɓatar a kan wannan ya isa Yaya da matarsa su je Ushafa sau goma su zauna da ita. Babu wanda ya tambaye ta. Ni na gaya mata, wata Lahadi, ina jin kunyar abin da ke fita daga bakina.

Ta ce, tana jan kowace kalma da ƙyar, “Sun naɗa wakili ke nan.” Can ta ƙara, “To. Tunda ni zan zauna da shi, a kai ni in gani da idona.”

Yaya ya so mai tsuntsayen ya kawo su Maitama a zaɓa a falo. Gwaggo ta ce a'a, tana son ta ga inda suke kwana. Ranar Asabar muka tafi mu huɗu bayan kasuwar Gudu, wata rumfar kwano mai keji a kan keji har rufi. Wari da koke-koke suka tarye mu tun daga nesa. Matar Yaya ta toshe hanci da mayafi tana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Mai rumfar, wani siririn dattijo mai furfura a gemu, ya hango takalmin Yaya ya taso da sauri.

“Oga, ranka ya daɗe. Na ajiye maka na musamman.”

Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa. “Ni ce mai saye. Shi kawo ni ya yi.”

Dattijon ya dube ta, ya jawo benci ya goge mata da tsumma. Ya fara da mai ruwan tokan. Tsuntsu ne kyakkyawa, ba zan ɓoye ba, wutsiyarsa kamar an tsoma ta a jan fenti. Ya ƙwanƙwasa kejin, akun ya karkata kai ya ce, “Oga, sannu da zuwa,” sannan ya yi ƙarar waya har Yaya ya laluba aljihu. Yaya ya yi dariya ya ce magana ta ƙare.

“Shekara nawa yake yi?” in ji Gwaggo.

“Wannan, Hajiya? Hamsin. Wani ma ya fi. Kuma wannan bai daɗe a duniya ba.”

“Ni saba'in da huɗu.” Ta juya ta dubi ɗanta ta saman tabarau. “In na tafi, wa zai riƙe shi sauran shekarun?”

“Haba Mama, ai muna nan.”

“Kuna nan,” ta ce. “Shi ya sa muka zo sayen tsuntsu.”

Mai rumfar ya sunkuyar da kai yana gyara wata waya a jikin keji wadda babu abin da ya same ta. Gwaggo ta tambaye shi daga ina akun ya fito. Ya ce daga kudu. Ta ce a gidan wa aka ƙyanƙyashe shi? Ya ce gaskiya daga daji ake kamo su, shi dai saye yake yi. Ta ce ya mayar da kejin inda ya ɗauko.

“Na yi shekara talatin da biyar ina maimaita maganar wasu,” ta ce. “Na san ba hira ba ce.”

Matar Yaya ta ja mu wurin farin. Babba ne, fari sol, da ya gan mu ya buɗe tukkunsa kamar mafici ya ƙwalla wata ƙara da ta sa duk rumfar ta ɗauka.

“Dubi kyau, Mama. Wannan daga waje aka kawo shi. Zai dace da falo.”

“Falon wa?”

Gwaggo ta tambayi dattijon halin tsuntsun. Zuwa yanzu ya gane da wa yake magana, ya daina talla. Ya ce farin kamar jinjiri yake, yana son a ɗauke shi a shafa shi yini guda. In aka bar shi shi kaɗai zai yi ta ihu, in ihun bai kawo kowa ba sai ya koma fige gashin jikinsa. Gwaggo ta ɗaga hannunta na hagu da taimakon na dama, ta sake shi ya faɗo a cinyarta. Dattijon ya ce, “To ba naki ba ne, Hajiya.”

Akwai wasu ƙanana masu launi-launi, bibbiyu a keji, kowanne ya manne da ɗan'uwansa. Ta kalle su ta ce waɗannan sun ishi junansu, 'yar kallo kawai za ta zama. Tsirya mai doguwar wutsiya kuwa ta san ta tun tana yarinya a gonar kakanta, ta ce ba ta gudo daga hayaniyar gari don ta sayi wata ta kai gida ba.

Na ƙarshen ita ta hango shi da kanta, a kejin ƙasa, can lungu bayan buhun gero. Ƙarami ne, bai kai tantabara ba. Kansa ruwan toka, bayansa kore, cikinsa ruwan ɗorawa. Bai yi kuka ba, bai yi rawa ba. Ya tsaya yana kallonmu kamar mun shigo ba sallama. Yatsa ɗaya babu a ƙafarsa ta dama.

“Wancan fa?”

“Ba na irinku ba ne, Hajiya. Na ƙasarmu ne, irin wanda manoma ke kora daga masara. Ba ya magana, sai fito. Ga cizo. Kuma ya tsufa.”

“Ya aka yi ya zo nan?”

“Wani tsohon malamin makaranta ne ya riƙe shi shekaru da yawa. Da ya rasu 'ya'yansa suka kawo mini.”

“Da kejinsa?”

“A kwali.”

Wannan karon Gwaggo ba ta dubi kowa ba. Ta ce a ɗora kejin a kan bencin. Dattijon ya gargaɗe ta cewa irinsu mutum ɗaya suke zaɓa su riƙe, sauran jama'a duk abokan gaba ne, kuma tun rasuwar malamin bai yarda da kowa ba. Ta zura yatsa ta tsakanin ƙarafan. Ya kama ya datse har jini ya fito. Ba ta janye ba. Suka tsaya a haka, tana kallonsa yana kallonta, har ya gaji ya saki.

“Wannan,” ta ce, ta goge jinin a bakin zaninta. “Bai ce mini sannu da zuwa ba.”

A mota Yaya ya kasa riƙe abin. “Mama, don Allah me mutane za su ce? A ce ni, duk abin da Allah ya hore mini, tsuntsun gona na saya wa uwata? Mai yatsa uku?”

“Ka ce musu ciwon ya taɓa mini kai.”

“Ni don lafiyarki nake yi. Likita cewa ya yi ki riƙa magana.”

“Tun safe nake yi. Ba ka ji ba?”

Farin kuwa yana bayan motar yana ihu. Matar Yaya ta saye shi don falonta, tunda dai an riga an zo.

Tsoho Gwaggo ta sa wa nata, ba wani suna. Wata guda bai bar ta ta taɓa shi ba, ita ma ba ta roƙe shi ba. Ta sa aka rataye kejin a baranda inda take shan hantsi, ta bar ƙofarsa a buɗe. Takan ba shi zangarniyar gero, ɗanyar masara, gwaba, da gyaɗa 'yar kaɗan. Maƙwabciya ta gina masa ɗan kasko mai faɗi na wanka, ta gasa shi tare da tukwanenta. Kullum da safe Gwaggo takan buɗe jarida ta karanta masa da ƙarfi, ta tsaya a kan kowane mai sa hannu ta gaya wa Tsoho abin da take gani game da shi. Da farko layi biyu ke gajiyar da ita. Kafin damina ta wuce tana gama shafi guda, zagin kuma yana fita tas. Wata rana na iso na same shi a kafaɗarta yana jan hannun tabarau ɗinta, ita kuma tana yi kamar ba ta san yana wurin ba.

Da likita ya yaba, Yaya ya gaya wa duk wanda ya sani cewa dabararsa ce ta yi aiki. Labarin ya kai kunnen Gwaggo. Ta ce, “Likita ya ce in yi magana, bai ce da mutum ba. Nan Allah ya rufa wa 'ya'yana asiri.” Da Sallah suka zo gaisuwa, direba bai ma kashe mota ba. Matar Yaya ta tsaya nesa da kejin ta ce, “Mama, har yanzu bai fara magana ba?” Gwaggo ta ce yana jira ne ya ji abin da ya isa a maimaita.

Ni Tsoho ya cije ni sau biyu, na daina miƙa hannu. Maƙwabciya kuwa ta sha cizo iri-iri, yatsunta masu kaushin yumɓu ba su damu ba. Kullum takan shigo da gyaɗa ɗaya a tafin hannu ta zauna kusa da kejin. Hausarta ba ta raba mace da namiji, Gwaggo ta yi shekaru tana gyara mata, ba ta gyaru ba.

“Hajiya, maigidanka ya tashi?” takan ce, tana nuna Tsoho da haɓa.

“Maigidanki.”

“A'a, ni nawa ya mutu tuntuni.”

Ita kaɗai na taɓa gani ta sa Gwaggo dariya har ta cire tabarau.

Farin bai yi wata biyu a falon Maitama ba. A satin farko ya sha hotuna. Daga nan ya fara ihu tun da sassafe, ya yayyaga labule, ya ci gefen wata kujera da aka yo odarta daga Turkiyya. Aka fitar da shi baranda, maƙwabcinsu ya aiko da ƙorafi, aka mayar da shi baya, jikin janareto. Ranar da na kai Gwaggo ganin likita muka biya ta gidan. Tana zaune a falo ta ji wani kuka a shaƙe. Ta tashi da sandarta ta bi ta kicin, ba wanda ya iya tsayar da ita. Farin ya fige ƙirjinsa da cikinsa duka, jar fata a fili kamar kazar da za a soya, ruwan shansa ya yi kore. Gwaggo ta tsaya a kansa, hayaƙin janareto yana dukan fuskarta. Ta ce a sa kejin a motata.

Matar Yaya ta biyo mu har bakin get. “Mama, kin san fa mai tsada ne.”

“Na gani,” in ji Gwaggo.

Ita da ta nuna ba ta da hannun ɗaukarsa, sati shida tana ɗora shi a cinya a kan tawul tana shafa kansa da hannu ɗaya, Tsoho yana bisa kejinsa ya kumbura don fushi. Ta sa na ɗauko likitan dabbobi daga Bwari. Farin ya fara cin abinci, har gashi ya soma tsirowa, sai wata safiya aka same shi a ƙasan keji. Maƙwabciya ta haƙa rami a gindin bishiyar kashu. Gwaggo ta yini ba ta buɗe jarida ba. Bayan la'asar ta kira Yaya, karo na farko da ita ta neme shi tun ciwonta.

“Ka gaya wa matarka labulenta ya tsira,” ta ce, ta kashe wayar.

Ban rubuta wannan don in wanke kaina ba. A daminar bara Gwaggo ta kira ni baranda ta ce in zauna. Ta ce mai rumfar ya ce tsuntsun ya tsufa, amma ga dukkan alamu shi zai ga bayanta. Ta tambaye ni kai tsaye ko zan ɗauke shi. In zan ɗauka, sai in riƙa zuwa duk Asabar da Lahadi na wasu watanni har ya saba da hannuna.

Na ce mata gidan haya nake, hawa na uku. Na ce ina fita bakwai in dawo bakwai. Na ce mai gidan ba ya son dabbobi, abin da ban taɓa tambayarsa ba. Na ce ba don ba na so ba. Ta bar ni na kai ƙarshe, tana sosa wa Tsoho wuya da farce.

“Kin iya wasiƙar ofis,” ta ce. “Ni na koya miki, ba laifinki ba ne.”

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ni kuma kunya ta sa na rage zuwa. Daga kowane sati na koma sau biyu a wata, daga nan sai waya, ita kuwa waya ba ta daɗewa a hannunta.

Ciwon ya dawo a farkon wannan shekara, wannan karon bai bar mata baki ba. Kwana tara ta yi a asibiti. Yaya ya kama mata ɗaki na musamman mai talabijin da furanni, yakan leƙo da yamma yana amsa waya a bakin ƙofa. Maƙwabciya takan hau mota biyu kullum ta zo ta zauna a gefen gadon, ta ba ta labarin abin da Tsoho ya ci da wanda ya ciza. Auta ta iso ranar sadakar uku.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka yi ta tambayar ina akun, Yaya ya sa aka sayo keji mai ruwan zinariya ya aika direba Ushafa. Direban ya dawo da kejin fanko da wata takarda a ambulan. Gwaggo ce ta buga ta da hannu ɗaya, babu kuskure ko guda. Layi huɗu ne: ta ba maƙwabciyarta tsuntsun da kejinsa kyauta tun tana raye, ba ya cikin gado, liman da mai unguwa shaida. Yaya ya karanta ya yi dariyar yaƙe.

“A bar mata. Ai ba wani tsuntsu ba ne.”

Sannan ya tambayi direban ko har yanzu mai rumfar Gudu yana da mai jar wutsiyar nan, tunda ga keji an riga an saya.

Ni na jira har aka yi arba'in. Na tambayi mai gidan hayata, ya ce shi babu ruwansa. Na sayi gero, na shirya maganata a hanya. Na tarar an kulle gidan Gwaggo, an rubuta lambar wayar dillali a jikin katanga. Na shiga gidan maƙwabciya na same ta a ƙarƙashin rumfa tana murza yumɓu, Tsoho a kan wani fasasshen tulu kusa da gwiwarta. Ya ɗan rame. Ta ce sai da ya yi kwanaki yana ƙin abinci, amma yanzu yana ci. Ta yi mini ta'aziyya, na yi mata, kuma a duk mutanen da na gaisa da su tun rasuwar ita kaɗai na ji ta cancanci a yi wa. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ni jininta ce, na ce na yi kuskure, na ce yanzu na shirya.

Ba ta ɗaga hannu daga yumɓun ba.

“Hajiya ya ce za ka zo,” ta ce. “Ya ce bayan arba'in, da jan ido. Ya ce in ba ka kujera, in ba ka ruwa. Ban da tsuntsu.”

Na tambaye ta ko ta ƙara cewa wani abu.

“Ya ce ƙofa a buɗe yake. Duk ranar da ka so, ka zo ka gan shi. Ya ce mu gani.”

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya yafe mata abin da harshenta ya yanka bisa kuskure, in akwai. Wata huɗu ke nan da wannan maganar. Na je sau biyu.